Mai Wankan da Aka Ce Tana Kuwait

A takardar shigar Hajja Nabawiyya Abdul-Ati gidan tsofaffin da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta birnin Tanta, arewa da Alƙahira, a gurbin sana'a, an rubuta "matar gida". Ɗanta Subhi ne ya cike takardar, ranar Talata takwas ga watan Maris na 2022, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ita ba ta yi karatu ba, don haka ba ta san abin da aka rubuta ba. Tana zaune a keken guragu da jakar leda a cinya, tana kallon fanka. Shekarunta saba'in da huɗu. Aka ba ta gado na biyu a ɗaki na bakwai, wanda tagarsa ke kallon layin dogo.

Matar gida ce, ba a yi mata ƙarya ba. Sai dai a ƙauyensu, Kafar Nu'uman, ba da wannan aka san ta ba. Shekara arba'in da ɗaya, duk macen da ta rasu a ƙauyen, Nabawiyya ce ta wanke ta. A wurin uwar mijinta ta koya. Tana da daronta, da ganyen magarya a ƙulle, da kafur a ƙaramin gwangwani, kuma ba ta taɓa karɓar komai a kan aikin ba, ko shayi ba ta sha a gidan rasuwa sai an fita da gawa. Abin da ya sa mata suka yarda da ita shi ne bakinta. Duk abin da ta gani a jikin mace, a ɗakin yake tsayawa.

Ba ita kaɗai take shiga ba. Mai zuba mata ruwa ita ce maƙwabciyarta Shafika, wadda katanga ɗaya ta raba gidajensu tun suna amare. Nabawiyya ba ta da yawan magana, Shafika kuwa ko a hanyar maƙabarta sai ta sami abin da za ta sa mutum ya danne dariya. Tare suke zuwa maulidin waliyyi Sayyid Badawi a Tanta kowace shekara, su sayi gasasshen wake da alewa, su dawo suna faɗa a kan wadda ta fi ci. A ɗaya daga cikin irin waɗannan zuwan ne suka sayi farin yadi, suka raba biyu, kowacce ta ajiye likkafaninta.

Akwai magana a tsakaninsu da ba wanda ya sani. A bayan Shafika akwai tabo biyar, kowanne da siffar bakin dutsen guga. Mijinta ne ya yi mata su a farkon aurensu, mutumin da har ya mutu ƙauyen yana yabon haƙurinsa. 'Ya'yanta ba su taɓa gani ba. Nabawiyya ce ta yi mata jinya a lokacin, kuma tun ranar Shafika ta karɓi alƙawari.

"Ummu Subhi, idan na riga ki, ke za ki wanke ni. Ke kaɗai. Ruwan ma ki zuba da kanki."

"Idan ni na riga ki fa?"

"Ke? Ai ba za ki mutu ba sai kin ga bayan kowa. Ki dai ce kin ɗauka."

"Na ɗauka."

A ƙarshen 2021 Nabawiyya ta zame a bakin famfo ta karye a ƙugu. Aka yi aiki, ƙashi ya haɗu, amma tafiya ba ta dawo ba. Subhi shi kaɗai ne ɗanta, a Kuwait yake aikin wutar lantarki, ɗaki ɗaya suke kwana su shida. Matarsa da yara suna Alƙahira a hawa na biyar, matar tana fita aiki tun asuba. Ya yi lissafinsa ta kowace fuska, bai ga mafita ba sai gidan tsofaffi. Amma a Kafar Nu'uman wanda ya kai uwarsa irin wannan gida ya gama ɗaga kai a cikin mutane, shi da 'ya'yansa. Sai ya ce wa ƙauyen zai tafi da ita Kuwait a ƙarasa mata magani.

Mata suka cika gidan yin sallama. Shafika ta gasa mata fatir, gurasar nan mai man shanu, ta naɗe a takarda, ta ce, "Kada ki ci a jirgi ki ba mu kunya." Motar ta ɗauki hanyar filin jirgi, ta tsaya a Tanta. Tsakanin ƙofar gidan tsofaffin da ƙofar Shafika tafiyar minti arba'in ce a ƙaramar bas.

"Wata shida kawai, Umma," in ji Subhi, yana durƙushe a gabanta. "Da takardu sun fito zan zo in ɗauke ki. Ki rufa mini asiri."

Rufin asiri kuwa shi ne aikin da ta fi iyawa. Ya bar mata waya sabuwa, ya tafi.

Mai gado na farko a ɗaki na bakwai ita ce Abla Ihsan, tsohuwar malamar lissafi wadda ba ta taɓa aure ba, kuma har yanzu tana yi wa kowa magana kamar yana ajinta. Ita ta koya wa Nabawiyya waya, cikin kwana tara, da faɗa.

"Ba a matsa shi kamar ana kashe kwarkwata, Hajja! Taɓawa ake yi. Ki riƙe nan, ki yi magana, ki saki. Na ce ki saki!"

Nabawiyya ba ta karanta suna, da hoto take gane mutane. Subhi shi ne mai hular kwano. Zauren WhatsApp na matan Kafar Nu'uman, mai mutum sittin da uku, shi ne mai hoton hasumiyar masallaci. Shafika kuwa hoton agwagwarta ta sa, wai ta fi ta kyau.

Daga nan safiyarta ta sami tsari. Ƙarfe bakwai a kawo wake da burodi da shayi. Bakwai da rabi ta ce wa Abla Ihsan ta rufe taga, ta jingina da farin bangon da babu komai a jikinsa, ta gyara mayafi, ta danna agwagwa. Duk hoton teku ko na dogon bene da Subhi ya aiko, sai ta tura wa zauren mata, su yi ta sa mata albarka. Sau ɗaya ta kusa aika hoton kanta da zanen gado mai hatimin gidan a bayanta, Abla Ihsan ta fizge wayar.

"Sarauniyar Kuwait, ki riƙa duba bayanki kafin ki yi ƙarya. Ƙarya ma aiki ce, tana son natsuwa."

Sauran tsofaffin gidan suna kishinta. Wasu wayarsu sai ta yi mako ba ta yi ƙara ba, tata kuwa ba ta hutawa. Ta san wadda ta haihu, da wadda saniyarta ta ɓace, da wadda surukarta ta yi yaji. Shafika tana aiko mata saƙon murya na minti goma, har da kwaikwayon muryar mai unguwa. Nabawiyya takan kara wayar a kunne ta rufe ido, sai ka ga tana murmushi ita kaɗai. Amma duk ranar da aka sanar da rasuwar mace a zauren, ba ta cin abincin rana. Hannuwanta su yi ta motsi a kan bargo kamar tana wankan. Mata goma sha ɗaya aka binne a ƙauyen a cikin wannan lokaci, wata mata daga maƙwabcin ƙauye ce ta wanke su.

"Ruwan sanyi take zuba musu, 'yar uwa," in ji Shafika a wani saƙo. "Kamar mai wankin tukunya. Ni dai na daina shiga. Yaushe za ki dawo ne? Ko kin sami Bakuwaiti?"

Wata shida ya zama shekara, shekara ta zama biyu da wata bakwai. A littafin baƙi na gidan, a ƙarƙashin sunanta, sa hannu biyu ne kawai, duka na Subhi: ɗaya a Yulin 2022, ɗaya a Agustan 2023. Ba wai ya manta da ita ba ne. Yana kira kowace Juma'a. Takardun ne ba su fito ba, daga baya ma ya daina ambatonsu.

Ranar Lahadi goma sha uku ga Oktoban 2024, ana tsakiyar makon maulidi, gari ya cika da ganguna, saƙon Shafika ya zo gajere. Muryar ta yi ƙasa.

"Ummu Subhi, likita ya sallame ni. Ya ce in koma gida in ci abin da nake so. Ke kin san abin da wannan ke nufi, mun sha ji tare. Ki gaya wa Subhi ya sa ki a jirgi. Ba wasa nake ba yau."

Nabawiyya ta saurara sau biyu, ta danna hular kwano.

"Subhi, zan je gida."

"Wane gida, Umma?"

"Gida nawa nake da shi? Shafika ce. Ka ce wa mutanen nan su sa ni a mota."

Tana jin ƙarar inji a bayansa. "Umma, ki ba ni sati biyu. Zan nemi hutu, in zo da akwati da tsaraba, mu shiga ƙauye tare kamar daga filin jirgi muke. Idan kika bayyana gobe daga Tanta a keken gidan tsofaffi, me zan ce? Kin san dangin Hajji Mitwalli suna neman Rihab. Su ji cewa uban yarinya ya ajiye uwarsa shekara biyu da rabi ya yi wa gari ƙarya? Umma, don Allah."

Rihab jikarta ce ta fari, ita ta yanke mata cibiya.

"Sati biyu," in ji Nabawiyya.

"Sati biyu, wallahi. Inna Shafika tana da ƙarfi, za ta jira."

Ta aika wa Shafika cewa ana neman tikiti. Wannan ce ƙarya ta farko da ta yi mata wuya a baki, sai da ta sake ɗauka sau uku.

Ranar Litinin saƙo ya shigo daga agwagwa. Nabawiyya ta kalle shi, ta kifa wayar. Abla Ihsan ta riga ta koya mata cewa da zarar ka saurari saƙo, alamarsa takan koma shuɗiya a wayar mai aikowa, ya san ka ji. Idan Shafika ta san ta ji, dole ta ba da amsa, ita kuwa ba ta da sauran abin faɗa. Ranar Talata wani ya shigo. Ranar Laraba wani, ɗan ƙarami.

"Buɗe mana," in ji Abla Ihsan. "Matar nan tana kiranki."

"Sai Subhi ya sa rana, in sami abin gaya mata."

"Hajja, ni lissafi na koyar. Matar da likita ya ce ta ci abin da take so, ba a ba ta sati biyu. Ke da kika wanke rabin gari, ni zan gaya miki?"

"Abla, ki bar ni."

"Na bar ki. Amma sallama ɗaya za ki yi a ofis, su kira miki mota."

Nabawiyya ta juya fuska ga bango. Ranar Laraba da yamma ta ce a miƙo mata jakar ledar da ta zo da ita, ta duba ƙullin magarya da gwangwanin kafur, ta mayar. Ta ce a ranta gobe za ta sake kiran Subhi.

Ranar Alhamis da safe aka kai ta gashin ƙashi a hawa na ƙasa, aka dawo da ita a gajiye, ta yi barci bayan azahar. Sai da ta yi sallar la'asar ta ɗauki waya. Zauren mata ya cika da saƙonni. Ta danna na farko, muryar matar liman ce: Shafika ta cika bayan sallar asuba, jana'iza bayan azahar. Ta danna na ƙarshe, wata ce ke cewa an dawo daga maƙabarta, jama'a ta yi yawa, Allah Ya ba 'ya'yanta haƙuri. A tsakiya wata ta tambaya ko an kira Ummu Subhi. Aka amsa mata, "A bar baiwar Allah, tana wata ƙasa, me za ta iya? A gaya mata a hankali."

Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta danna agwagwa, ta fara da na Litinin.

"To, Hajjar Kuwait, ina tikitin? Ko jirgin jaki ke jansa? Yau na sha romo cokali uku. 'Yata Wafa tana nan tana juya ni kamar burodi a tanda. Na hana ta canza mini riga, na ce ni zan yi da kaina. Ki yi sauri, hannuna ya fara gajiya."

Na Talata ya fi tsawo, da hutawa a tsakanin kalmomi.

"Nabawiyya, saurara, na gaji da wasan nan. Na sani. Tun watan farko na sani. Ke kina magana, jirgin ƙasa yana wucewa a bayanki. Mai gas yana buga tukunyarsa da sifana, irin bugun da muka sani. Shekaranjiya har gangunan maulidi na ji. Idona ne ya yi rauni, ba kunnena ba. Kina Tanta, tsohuwar banza. Na yi shiru ne don na ga kina rufa wa yaron asiri, na ce bari in taya ki. Hotunan tekun ma ni nake fara yabawa. Ba na jin haushi, wallahi. Amma yanzu ki zo. Ki zo da magariba a rufe, ba wanda zai gan ki, in an gan ki ma ni zan tare miki."

Na Laraba daƙiƙa goma sha tara ne. Yawancinsa numfashi.

"Na ce wa Wafa kina kusa. Ta ce zazzaɓi ne ke sa ni surutu. Nabawiyya... bayana."

Abla Ihsan ta sauko daga gadonta da sandarta, abin da ba ta yi sai dole, ta zauna a gefen gado na biyu. Jirgin ƙarfe biyar ya wuce, gilashin taga ya yi rawa.

Washegari Nabawiyya ta ce a nemo mata Wafa, 'yar Shafika, a cikin zauren. Abla Ihsan ta nemo, ta miƙa hannu za ta rufe taga.

"Bar ta a buɗe."

Ta riƙe, ta yi magana, ta saki. "Wafa, 'yata, Nabawiyya ce. Mahaifiyarki ba ta ruɗe ba. Ina Tanta, gidan tsofaffi na bayan tasha, ɗaki na bakwai. Ban taɓa ganin Kuwait ba."

A littafin baƙi, ranar Lahadi ashirin ga Oktoba, ƙarfe goma da kwata, akwai sa hannu na uku. Wafa mace ce mai shekara hamsin da ɗoriya, cikin baƙaƙen kaya, da ƙunshi a hammata. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon gadon ƙarfe da keken da farin bangon da ta sani a hotuna. Sannan ta zo ta sumbaci kan tsohuwar, suka yi kukan da za su yi.

Ƙunshin rabin farin yadin nan ne, likkafanin Nabawiyya. Nabawiyya ta bar shi a hannun Shafika ranar da ta bar ƙauye.

"Ta ce in kawo miki da hannuna, in ba ki zo ba. Na ɗauka duk cikin zazzaɓin ne." Wafa ta goge ido, ta dubi Abla Ihsan, ta rage murya. "Inna, matar can ce ta yi wankan. Ni na zuba ruwa. Da muka juya ta..."

"Matar ta yi magana?"

"Ta kalle ni kawai."

"Ke fa? Kin gaya wa wani?"

"Ko 'yan'uwana ban gaya wa ba."

"To kin iya rabin aikin."

"Inna, guda biyar ne. Na ƙirga. Wannan ba faɗuwa ba ce, ba kuma risho ba ne. Babana ne?"

Nabawiyya ta shimfiɗa yadin a cinyarta, ta bi shi da tafin hannu tana gyara inda ya lanƙwashe. Ta daɗe tana yi.

"Wafa, shekara arba'in da ɗaya ina shiga ɗaki in fito. Ban taɓa fitowa da komai ba sai ruwan da na zubar. Abu ɗaya uwarki ta roƙe ni a duniya, ban yi mata ba. Wannan da ya rage kada ki karɓe mini shi."

Wafa ta sunkuyar da kai, ba ta sake tambaya ba. Ta zauna har azahar, ta yanke wa tsohuwar farce, ta tafi da bas ɗin ƙarfe biyu. Ba ta gaya wa ƙauyen komai ba. An ɗaura wa Rihab aure a watan Janairu, kuma a Kafar Nu'uman har yau Ummu Subhi tana Kuwait. Hotunan teku dai sun daina zuwa, mata suna cewa rasuwar Shafika ce ta taɓa ta.

Subhi ya zo sati uku bayan rasuwar, da akwati da tsaraba kamar yadda ya ce. Ta karɓe shi, ta tambayi yara, ta ci dabinon da ya kawo. Da ya ce ko su je ƙauye ta yi ta'aziyya, sai ta ce ba sauran abin da za ta je yi.

A watan Nuwamba ta sa aka tura ta ofis, ta ce a karanta mata takardarta tun daga sama. Da aka zo gurbin sana'a ta ce a gyara. Aka ja layi ɗaya a kan "matar gida", aka rubuta "mai wankan gawa" a samansa, da kwanan wata. A gurbin wanda za a kira idan ta cika, ta sa aka ƙara lambar Wafa a ƙarƙashin ta Subhi, ta ce a rubuta a gefe cewa ita za a fara kira, domin ita ce a kusa. Ta dangwala yatsa.

Wayar tana nan, Abla Ihsan ce ke sa mata caji. Zauren mata yana ta ƙara, ba kasafai take buɗewa ba. Bayan arba'in aka rufe layin Shafika, hoton agwagwa ya ɓace, ya bar da'ira mai ruwan toka, sai da aka nuna mata inda za ta riƙa samunsa. Bakwai da rabi na safe, bayan shayi, takan saurari na Litinin, ta saurari na Talata. Na Laraba sau ɗaya ta taɓa jin sa.